Daidai da Samfur

Da aka yanke igiyar kwalin, Madam Chan ta zuba hannu biyu ta kwaso lambobin ta baza a kan tebur, tagulla ta haska ɗakin kamar an ƙara fitila. Alhaji Ilu ya ɗauki ɗaya ya kai ta kusa da idonsa mai lafiya. Ƙwallo a tsakiya, zangarniyar dawa biyu sun kewaye ta, rubutun boko a gefe. A saman ƙwallon, ta hannun dama, akwai wata lotsawa kamar an danna babban yatsa a malmalar tuwo.

Ya ajiye, ya ɗauki ta biyu. Lotsawar tana nan. Ya tona ƙasan kwalin ya zaro wata. Tana nan, a wuri guda, zurfi guda.

"Lawban, ka gani?" in ji Madam Chan, tana murmushin wadda ta yi aiki ta san ta yi. Lawban shi ne maigida a bakinsu. Ta ƙara wasu kalmomi da sauri, ta dubi Sulley.

Sulley mutumin Kumasi ne, shekararsa shida a Guangzhou yana loda wa 'yan kasuwa kaya yana yi musu tafinta, da Hausarsa ta Zongo wadda ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Alhaji, Madam ya ce ɗari biyu da arba'in da biyu, babu wanda ya saɓa. Ya ce wannan karon ba za ka samu abin faɗa ba."

Fanka tana ta juya zafin damina a cikin ɗakin, injin buga kan bel yana ta sara a bayan labule, Alhaji Ilu kuwa gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

Duk wanda ya san lungunan unguwar Liwan ta Guangzhou a shekarar 1998 ya san wannan dattijo. Kwaɗon ƙulle ƙofa yake saro wa Kano, sana'ar da ya fara tun yana tallarsa a faranti. Bai yi boko ba, Turancinsa bai wuce na ciniki ba, amma magana ɗaya ya riƙe wadda ta fi ƙarfin tafinta: daidai da samfur. Abin da ya nuna, shi za a yi masa. An taɓa ƙera masa kwaɗo dubu aka ɗan ƙara wa fentin haske don a faranta masa, ya sa aka mayar da su duka. "Ban ce a yi mini gwaninta ba," in ji shi. Tun daga ranar masu ƙira suka san shi. In Alhaji ya kawo abu da tsatsa, to a tambaye shi ko tsatsar ma yana so.

An kuwa tambaye shi. Makonni uku da suka wuce, a kan wannan teburin, Madam Chan ta ɗora farce a kan lotsawar ta ɗaga ido. Sulley ya ce, "Ya ce wannan fa? Ado ne ko rauni?"

Tun daga Kano Alhaji Ilu ya ƙudurta cewa zai sa a shafe ta. Amma ga Sulley yana kallonsa, ga matar tana jira, kuma ya san in ya ce rauni ne, Sulley ba zai rasa tambayar wa ya yi ba. Sai bakinsa ya riga zuciyarsa. "Daidai da samfur," ya ce. Magana kuwa zarar bunu ce.

Lambar ta ɗansa ce, Umar Faruƙ. Ɗan fari ne, don haka uban ba ya kama sunansa, Magaji yake ce masa, kuma da nufi ya zaɓi sunan, don shi ya so ya gaji rumfarsa ta kasuwa. Yaro ya tafi jami'a, wannan uban ya haƙura da shi. Abin da bai haƙura da shi ba shi ne ƙwallo. A ganinsa, ƙato da gemu ya tuɓe ya sa gajeren wando yana bin fata a rana, wannan ba wasa ba ne, rashin mafaɗi ne.

A 1986 aka zaɓi Umar Faruƙ cikin 'yan wasa sha ɗaya da suka fi kowa a jami'o'in ƙasar, aka rataya masa lamba a Ikko. Bai ko sauka gida ba, daga tasha ya zarce rumfar ubansa, ya durƙusa, ya ɗora ta a kan kanta. Maƙwabta suka taru ana sa albarka. Alhaji Ilu ya dube ta, ya dubi ɗansa, ya ce, "Bari mu ga ko zinariya ce." Ya ɗauki kwaɗo mafi girma a rumfar ya sauke mata shi sau ɗaya. Ya tura masa ita da ɗan yatsa. "Tagulla ce. Shekara huɗu ka tafi ka dawo mini da marfin kwano."

Umar Faruƙ ya ɗauka ya sa a aljihu, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake ɗaga ido ya dubi ubansa ba. Shekara goma sha biyu ke nan. Yana zuwa gaisuwa duk Juma'a, ya durƙusa, a yi lafiya lau, ya tashi. Ya zama malamin motsa jiki a wata kwaleji, ya yi aure, ya haifu. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa, ta bakin mahaifiyarsa Hajiya Jumai take bi, ta je ta dawo.

Wannan aikin ma ta hannunta ya zo. Ƙungiyar tsofaffin 'yan wasan jami'o'i ta shirya taro don a ba kowane zaɓaɓɓe lambarsa, tun daga na farko, domin yawancinsu suna kawai aka buga musu a jarida. Umar Faruƙ ne sakatare. Aka nemi tsohuwar lamba da za a kwafa, waɗanda aka samu duk sun goge, tasa ce kaɗai rubutunta ya fito, don tun ranar nan tana ƙasan adakar uwarsa ba ta sake ganin rana ba. Hajiya Jumai ta naɗo ta a ƙyalle tare da takardun sunaye ta ajiye a gaban mijinta. "Ya ce in ba takura, tunda kana zuwa can." Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa. "Alhaji, bai rasa wanda zai aika ba fa."

Ya ji abin da take nufi. Shi ya sa yanzu lamba ɗari biyu da arba'in da biyu suke kallonsa da ido ɗaya.

"Tambaye ta," ya ce wa Sulley, "in za a sake mazubi a buga wasu, kwana nawa?"

Sulley ya juyo da mamaki. "Sake? Me ya samu waɗannan?"

"Tambaya na ce ka yi."

Madam Chan ta ji, murmushinta ya ɗauke. Ta lissafa da yatsu: sabon mazubi, bugu, wanki, sannan a zana sunan kowa da shekararsa a baya. Kwana ashirin. Sulley ya roƙa a rage, ta kaɗa hannu. "Meyo," ta ce, wato babu. Jirgin Alhaji zai tashi daga Hong Kong nan da kwana huɗu, taron kuwa saura kwana goma.

Da suka fito lungu, sai da suka wuce masu busasshen kifi da masu ganyen magani kafin Alhaji Ilu ya buɗe baki. Ya faɗa wa Sulley komai, a gajarce, idonsa a kan hanya. Sulley ya ce, "To Alhaji, abin mai sauƙi ne. Ka je ka ce mutanen nan ne suka yi kuskure. Wa zai hau jirgi ya zo Liwan ya tambaya? Kowa ya san ana yi."

Alhaji Ilu ya tsaya cak, har mai keke ya kusa bangaje shi.

"Matar nan ta ɗora farcenta a kai ta tambaye ni. Kai ne ka fassara."

"Na sani."

"To ka sani kake ce mini in shafa mata kashin kaji? Ramin ƙarya ƙurarre ne, Sulley. Ban yi a Kano ba, ba zan fara a garin da ba a san ubana ba."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ni dai mafita na nema maka."

"Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta."

Ranar Juma'a ce. Suka yi salla a wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya, suka shiga shagon taliya na Musulmin ƙasar da ke kusa. Alhaji ya tura kwanonsa gefe, ya zaro takardun sunayen daga aljihun 'yar ciki. Makonni uku yana yawo da su bai nemi a karanta masa ba.

"Karanta mini. Daga farko."

Sulley ya goge hannu ya karɓa. Ashe ba sunaye kaɗai ba ne. A saman takardar Umar Faruƙ ya rubuta yadda abin ya faro: wani ɗan jarida ne a 1971, mai bin jirgin ƙasa daga gari zuwa gari yana kallon wasannin ɗalibai, in shekara ta ƙare sai ya jera sha ɗayan da suka fi burge shi a shafin baya. Da aka yi ƙorafi cewa idonsa bai cika wuce garuruwan da jirgi ke tsayawa ba, sai masu horarwa suka karɓa, suna jefa ƙuri'a. Shekara huɗu kacal aka taɓa ba da lamba, aka daina. Akwai shekarun da aka rufe makarantu, ba a zaɓi kowa ba, nan ya bar layi fari.

Gaban kowane suna kuma ya sa abin da mutumin ya zama. Wannan likita ne a Jos. Wannan alƙali. Wannan yana tuƙa tasi a Fatakwal, an same shi da kyar. Wannan ya rasu, matarsa za ta karɓa. Wannan ƙafarsa ta karye a wasan ƙarshe, yana da shagon ɗinki a Ilori, ya ce ko da rarrafe zai zo.

"Duk shi ya nemo su?" in ji Alhaji.

"Ya ce shekara uku yana rubuta wasiƙu." Sulley ya juya shafi. "Amma fa Alhaji, in ba ka ji haushi ba, da a ce da Ghana aka haɗa, rabin mutanen nan benci za su zauna."

"Ku da ba a gan ku a gasar kofin duniya a Faransa ba bana? Karanta, malam."

Sulley ya yi dariya ya ci gaba, har ya zo 1986. "Lamba biyar. Umar Faruƙ Ilu. Malamin makaranta, Kano."

"Sake faɗa."

Ya sake.

Alhaji ya kwance ƙyallen ya fito da tsohuwar lambar, ya juya bayanta ya miƙa. "A nan ma haka aka rubuta?"

Sulley ya bi rubutun da yatsa. "Ga shi. Waɗannan ukun na ƙarshe, sunanka ne."

Alhaji Ilu ya daɗe yana duban haruffan nan uku. Tsaye suke kamar sanduna, na ƙarshen kamar ƙoƙo. Daga ta bayan nan lotsawar ta zama ƙullutu, ta ɗan tura sunan gefe. Ajami yake karantawa, bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da ya sauke wa kwaɗo yana ɗauke da sunansa ba. Yaro ya je har Ikko ya sa an buga sunan ubansa a ƙarfe, ya kawo masa a rumfa.

"Ƙarfe nawa ne a gida yanzu?"

Sulley ya duba agogo. "In ƙarfe huɗu ta yi a nan, tara ce ta safe a can."

Shagon waya wani ɗan ɗaki ne a ƙasan bene, an raba shi da katako gida uku. Sau biyar Sulley yana juya lambar ofishin kwalejin kafin ta shiga. Aka ce a jira a kira malam daga fili. Sulley ya miƙa wa Alhaji kan wayar ya fita waje, ya ba da baya.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

"Ni ne, Magaji."

Layin yana da wani hali: duk abin da Alhaji ya faɗa sai ya je ya dawo masa a kunne, da muryarsa, kafin amsa ta iso.

"Baba? Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau. Ya iyali? Ya yaran?"

"Suna lafiya, Baba. Ya hanya, ya baƙunta?"

Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba sauran inda za a ɓuya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Aikinku ya fito. Amma akwai magana. Tabon nan da ke jikin taka, an kwafe shi. Yana jikin kowacce."



"Duka?"

"Duka. Kuma ba laifin masu ƙira ba ne. An tambaye ni, na ce a yi daidai da samfur."

"Na zaci za ka sa a shafe, Baba."

"Na so."

"To me ya hana?"

Alhaji Ilu ya dafa katakon. Mutum ne da ya yi shekara sittin da bakwai bai taɓa neman kalma ya rasa ba, yau ga shi yana lalube.

"Sai na faɗi wanda ya yi. Ni na yi, Magaji. Ni na lotsa ta, kuma ban kyauta ba."

Maganar ta tafi, ta dawo masa: ban kyauta ba. Ya ji ta da kunnensa kamar wani dattijo ne daban yake faɗa masa, ya kuma ga ba ta kashe shi ba.

Can ya ji wani sauti da ya ɗauka kuka ne, sai ya gane dariya ce, irin wadda ke fita ta hanci, tana rawa. Rabonsa da jin dariyar ɗansa tun yaron yana sakandare.

"Baba, yanzu alƙali guda, da likitoci, da wani kanar, duk za su rataya bugun kwaɗonka a wuya?"

"Abin dariya ne a wurinka?"

"A'a, Baba. Yi haƙuri." Ya ja numfashi, muryarsa ta sauka. "Ya wuce. Wallahi ya wuce. Ka kawo su haka nan. Akwai wanda ya yi shekara ashirin da bakwai yana jiran tasa, ba zai mayar da ita don tabo ba."

"Matar ta ce taka ta asali za ta iya buge ta ta miƙe."

"A bar ta yadda take."

"To 'yan kwamitinku fa? Za su tambaya."

"Zan ce tawa aka kwafa, kuma haka take. In sun ce wa ya yi mata haka, sai in ce tsohon zance ne."

"Kada ka ce komai. Ka ce su tambaye ni."



"Za ka zo wurin taron ke nan, Baba?"

"Kayana ne. Ka taɓa jin na kai kaya ban tsaya an buɗe a gabana ba?"

"Ban taɓa ji ba."

"To. Ka gaida mutan gidan. Ka ce wa uwarka saƙonta ya iso."

Ya ajiye wayar a hankali, kamar ƙwai. Da ya fito, Sulley ya dubi fuskarsa, sai ya ce, "Mu koma wurin Madam?"

"Mu koma. Na bar ta da ɓacin rai a kan aikin da ba ta yi kuskure ba. Yaya ma ake cewa an gode?"

"Shekara huɗu kana zuwa garin nan, Alhaji."

"Ban taɓa buƙata ba."

"She-she."

Alhaji ya maimaita sau biyu a ƙasan maƙoshi, yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci.

Hanyarsu ta bi ta bayan wata makaranta. Ta cikin shingen ƙarfe ana hango fili, ruwan safe bai gama bushewa ba, samari sun yi kaca-kaca da taɓo suna ta fafatawa. Sau nawa Alhaji Ilu ya wuce nan yana kau da kai. Yau ya rage tafiya, ya tsaya, ya kama shingen da hannu ɗaya.

"Sulley. Shi mai lamba biyar ɗin, a ina yake tsayawa?"

Sulley ya matso ya nuna da haɓa. "Ka ga dogon can, a gaban mai tsaron raga? Shi ne. Ba ya cin ƙwallo, ba a cika yi masa tafi ba. In abokan gaba sun wuce kowa, shi za su tarar."

Suna cikin kallo sai ga wani ya kutso da gudu, ya yanke mutum biyu, 'yan kallo suka miƙe. Dogon bai yi gaggawa ba. Ya jira, ya sa ƙafa sau ɗaya, ƙwallo ta tsaya a wurinsa, mai gudun ya wuce fayau ba komai. Ya tura ta gaba ya koma mazauninsa, ko waiwaye bai yi ba.

Alhaji Ilu ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe ƙulle ƙofa yake yi," ya ce.

Sulley ya duba agogo, ya tuna masa cewa Madam Chan tana rufe shago ƙarfe shida.

"Ba ta gudu," in ji Alhaji, hannunsa ɗaya a kan shinge, ɗayan a cikin aljihu inda ƙyallen yake. "Bari mu ga ko za su sake zuwa."